Shekarar da Na Auna Hatsin Gidanmu

Ummi, lokacin da nake rubuta wannan babi ko zama ba ki iya ba tukuna, ni kuma ban kai shekarun da mutum yake zama ya rubuta tarihin rayuwarsa ba. Abin da ya sa na yi gaggawa shi ne akwai wani labari da ake bayarwa a kaina a cikin danginmu, wanda za ki ji shi tun kafin ki iya karatu, kuma daga bakin mutanen da ba sa ƙarya. Za a ce miki mahaifinki ya taɓa auna hatsin gidansu da sikeli, ya faɗi lokacin da zai ƙare, hatsin kuma bai ƙare ba sai a makon da ya faɗa. Kowace kalma a cikin labarin nan gaskiya ce. Duk da haka labarin bai cika ba, kuma abin da aka bari a waje ya fi abin da aka faɗa nauyi. Na daɗe ina jin ana yabona da shi ina sunkuyar da kai, mutane suna ɗauka kunya ce irin ta wanda aka yaba a gaban manya. Ina so ki ji sauran daga gare ni, ke da duk ƙannen da Allah zai ba ki.

A shekarar da nake magana a kai, na gama jami'a da bautar ƙasa, na dawo gidanmu na Unguwar Shanu, na sami aikin wucin gadi a wani ofishin bincike da ke cikin gari. Aikina shi ne haɗa jadawalin da ke nuna yawan ƙarfin da ɗan ƙasa yake samu daga hatsi a kowace rana, shekara bayan shekara, tun daga shekarun da ba a haife ni ba. Yadda ake yi shi ne, a tattara abin da aka noma na masara da dawa da gero da shinkafa da sauransu, a haɗa da abin da aka shigo da shi daga waje, a cire abin da aka fitar, da iri, da abin da dabbobi suka ci, da abin da aka kiyasta ya lalace. Abin da ya rage sai a raba shi da yawan jama'a, a sake rabawa da kwanakin shekara, sannan a juya shi zuwa kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. A ƙarshe sai layi ɗaya ya fito a kan kwamfuta, yana hawa a wasu shekaru yana sauka a wasu. Ba zan kawo alƙaluman a nan ba, domin takardun ba sa hannuna yanzu, kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙara rubuta lambar da ban tabbatar da ita ba. Abin da zan faɗa shi ne na so aikin nan fiye da kima. Kowace lamba sai na duba ta sau uku. Shugabar sashenmu ta taɓa cewa a gaban kowa ni ko waƙafi ba ya tsere mini, maganar nan kuwa na yi mako guda ina jin daɗinta.

Mu takwas ne muke kwana a gidan: Baba, wato kakanki, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati, Mama, wadda kika ci sunanta, yayana Sani da matarsa Anti Rabi da 'ya'yansu uku, sai ni, autan gida. Hatsin da muke tuwo da koko da shi daga Rigachikun yake zuwa, inda ƙanin Baba, Baffa Ilu, yake noma gonar gado. Kowace kaka yakan aiko mana da rabonmu a bayan akori-kura, buhu tara, wani lokaci goma. A wannan shekara ruwa ya ɗauke a lokacin da masara ta fi bukatarsa, sai buhu shida suka zo, huɗu na masara biyu na dawa, tare da saƙon ban haƙuri. Ina tsaye aka sauke su a tsakar gida. Mama ta zagaya su sau ɗaya, ta kwance bakin ɗaya ta cusa hannu har gwiwar hannu, ta ɗebo ta murza, sannan ta juya wajen Baba.

"Malam, waɗannan ba za su kai mu wata kakar ba. A ƙaro biyu tun yanzu da hatsi yake da sauƙi."

"Hajiya, ke fa sito bai taɓa cika a idonki ba," in ji Baba. "Rufin ɗakin yaran nan fa? Bara da bokiti uku suka yi damina."

"Ni dai na faɗa."

Abin da ke hannun Baba ba zai yi rufi ya yi hatsi ba, dole a zaɓi ɗaya. Ya tsaya yana kallon buhunan, sai idonsa ya faɗo kaina, fuskarsa ta washe kamar wanda ya tuna yana da mabuɗin ƙofar da ake ta turawa.

"Ji mu muna ta ja-in-ja, ga mai ilimin abin a tsaye. Auta, ba wannan ne aikinka a ofis ba? Kai da kake auna abincin ƙasa gaba ɗaya, buhu shida ne zai gagare ka?"

Ban taɓa jin girma irin na ranar ba. Baba mutum ne da ya yi shekarunsa na aiki yana girmama takarda, kuma wannan ne karo na farko da ya nemi shawarata a kan wani abu da ya shafi gidansa. Na aro sikeli a wurin wani mai shago a bakin titi, na yi yini biyu a kan aikin. Na auna kowane buhu, na auna mudun Mama cike da kuma shafe, na cire abin da littafi ya ce ana cirewa na dusa da na ɓarna, na duba abin da babba yake bukata da abin da yaro yake bukata, na cire rabon abincin rana wanda ba daga buhunan yake fitowa ba. Mama tana zaune a kan kujerarta ta tsuguno tana tsince wake, tana kallona ina ta kai da kawo. Da na gama na ɗauko kwamfutar ofis don in nuna mata cewa ba ni na ƙirƙiro hanyar ba, haka ake yi wa ƙasa baki ɗaya. Na nuna mata layin, na ce wannan shi ne abin da kowane mutum ɗaya yake samu a rana.

"To ni ina nake a cikin zaren nan?" ta tambaya.

"Kowa yana ciki, Mama. An raba wa kowa daidai."

"Wa ya raba?"

Na yi dariya, na ce lissafi ne ya raba. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni mutum nawa na ƙirga a gidanmu, na ce takwas. Ta maimaita kalmar a hankali, kamar tana ɗanɗana gishirin miya. Ta ce baƙi fa? Na ce baƙo ai ba kullum ba ne, kuma na bar musu wani abu a gefe. Daga nan ne na faɗi maganar da har yau idan na tuna ta sai kunya ta kama ni. A gaban Baba da Anti Rabi na ce:

"Mama, ido yana iya yin kuskure, amma sikeli ba ya yi. Hatsin nan zai kai mu har sabuwar masara, in sha Allahu."

Ta dube ni. Matar da ta yi shekaru fiye da shekaruna tana ciyar da gidan nan, wadda ba ta taɓa barin tukunya ta kwana a kife ba, ita nake koya wa yawan abin da buhu yake ɗauka. Abin da ta ce kawai shi ne, "To. Allah ya sa albarka." Baba ya karɓi takardar, ya sa gilashinsa ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya sa aka manna ta a ƙofar sito. A makon nan aka kira masu rufi. Daga ranar kuma 'yan gidanmu suka laƙaba mini Mai Sikeli.

Yanzu zan faɗa miki abin da yake gaban idona kullum amma ban sa shi a takarda ba. Tukunyar gidanmu ba masu kwana a gidan kaɗai take ciyarwa ba. Kowace rana bayan magariba akwai kwanon waje, wanda ake fitarwa ƙofar gida inda Baba yake zama da maƙwabta; wani Bazamfare mai tura ruwa da abokan aikinsa biyu kusan da shi suke rufe yininsu. Matar Malam Lawal direba, Bakatsinen da ke haya a gidan da ke jikin namu, ta haihu a wata na biyu da zuwan hatsin, ba ta da kowa a Kaduna, Mama ce ta ɗauki kunun jegonta har ta yi arba'in. Duk wanda ciwo ya taso shi daga Rigachikun zuwa asibitin cikin gari a gidanmu yake sauka, shi da mai jinyarsa, wani ya yi kwana uku wani ya yi sati biyu. Ga azumi, da kunun da ake fitarwa masallaci. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama sabon abu a gare ni, a cikinsu na tashi. Amma ban ɗauke su a matsayin masu cin hatsinmu ba, domin hanyar da na koya tana ƙirga mazauna ne, su kuwa ba mazauna ba ne. Kuma ni namiji ne a gidan Hausa: kwanona yana zuwa a cike, a rufe, ban taɓa tsayawa na ga yadda gindin tukunya yake bayan an gama kwashewa ba.

A ƙarshen wata na uku na sake aro sikelin don in gwada takardata. Na tarar hatsin ya yi gaba da lissafi da kusan rabin buhu. Da ina da hankali, a nan zan zauna in ce wa Mama ta nuna mini inda na yi kuskure. Hatsi bai riga ya tashi sosai ba, kuma ɗan alawus ɗin da nake tarawa don in sayi kwamfutar kaina zai iya ƙaro buhu. Amma ban ko yi tunanin kuskuren zai zama nawa ba, tunda na duba lissafin sau uku. Na tsaya a ƙofar kicin, ita da Anti Rabi suna tankaɗe, na ce ga alama ana ɓarna, ko wurin surfe ko wurin kwasa, a daure a riƙa kiyayewa. Anti Rabi ta ajiye rariya ta buɗe baki za ta yi magana, Mama ta ɗora hannu a kan gwiwarta.

"Mun ji, Mai Sikeli. Za a kiyaye."

Daga wannan wata lissafina bai ƙara kucewa ba. Duk ƙarshen wata idan na auna, sai in tarar abin da ya rage ya yi daidai da takardar da ke ƙofar sito, ko ya kusa. Kwanon waje bai fasa fita ba, baƙi ba su fasa sauka ba, malmalar yara ba ta ragu ba, tawa ma haka. Na ɗauka gargaɗina ne ya yi aiki. Ban tambayi kaina daga ina bambancin yake fitowa ba, ni da aka ce waƙafi ba ya tsere mini.

Mama ita ce mai rabo a gidanmu. Ko Anti Rabi ce ta tuƙa, Mama ce take riƙe mara ta kwashe, ta san kwanon kowa. Bayan ƙaramar salla ta yi sitta shawwal kamar yadda ta saba. Da ta gama sai ta ci gaba da Litinin da Alhamis, ta haɗa da kwana ukun tsakiyar wata. Da damina ta kankama, hatsi ya tashi a kasuwa inda hannunmu ba ya kaiwa, sai ta koma yau azumi gobe hutu. Ina so ki lura, Ummi, kakarki ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Azumin na gaskiya ne, da niyyarsa da komai, kuma ina fatan Allah ya ba ta ladarsa ninki ba ninki. Idan ta sha ruwa sai ta ce tuwo yana mata nauyi bayan azumi, ta jiƙa ƙanzo ta ɗan sa gishiri da yaji, ta ce tun tana yarinya ta fi son sa. Ni kuwa har alfahari na yi da ita a ofis, na ce tsohuwarmu ta kama ibada.

A cikin daminar nan ne kuma Baba ya fara rage abinci. A ɗakinsa yake cin nasa tuwon, sai ya ci rabi ya rufe kwanon, ya ce cikinsa ba ya ɗaukar abu mai nauyi yanzu, ya ɗaga murya: "Hajiya, zo ki ɗauke kwanon nan." Tun ina ƙarami ragowar Baba tawa ce, wannan haƙƙin auta ne a gidanmu, babu mai ja da shi. Don haka da na ji kiran sai in miƙe, in ce wa Mama ta zauna ta huta, ni zan ɗauko. In ɗauko, in zauna a bakin baranda in cinye. Wata rana Baba ya riƙe kwanon bai sake mini nan da nan ba.

"Auta, naka bai ishe ka ba ne?"

"Ya ishe ni, Baba. Ragowarka ai ba don yunwa ake cin ta ba, don albarka ce."

Ya dube ni ta saman gilashinsa, ya saki kwanon.

Mudu na ƙarshe ya tafi inji a makon da Baffa Ilu ya aiko da sabuwar masara. Baba ya cire takardar daga ƙofar sito ya fita da ita waje, ya karanta wa maƙwabta, ya ce su ga amfanin boko. Malam Lawal direba ya ce, "Kai, wannan yaro ai sai a ba shi rumbun gwamna ya riƙe." Aka yi ta dariya, aka yi ta sa mini albarka. Kwana goma bayan haka, da hantsi, Mama ta tashi daga bakin famfo da bokiti a hannu, jiri ya ɗebe ta ta faɗi.

A asibiti likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ya tambaya ko tana cin abinci sosai. Ni ne na amsa, na ce tana ci, sai dai tana yawan azumi. Yayata Hadiza, wadda take aure a Malali, tana zaune a bakin gado har likitan ya fita. Mama ta sami barci. Sai Yaya Hadiza ta ɗaga hannun Mama a hankali, awarwaron da na san shi a wuyan hannunta tun ina yaro ya zame ya gangara har ya wuce gwiwar hannu.

"Mai Sikeli, zo ka auna wannan," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ta ja ni waje, ta tsayar da ni a jikin bango. Anti Rabi ta faɗa mata komai da safen nan tana kuka, domin Mama ta hana ta magana tun ranar da na tsaya a ƙofar kicin.

"Kai kana tsammani hatsi yana jin Turanci ne, da zai bi takardarka? Ita ce ta bi ta. Ta cire kanta daga cikin takwas ɗinka, ta zuba rabonta a kwanon waje da na baƙi."

"Me ya sa ba ta faɗa mini ba? Wallahi da na sayo."

"Ta faɗa. Ranar farko ta faɗa, a gaban kowa. Me ka ce mata?"

Na jingina da bangon, ita kuma ta ci gaba.

"Baba ya ɗaga ka a gaban mutane, ya manna takardarka a ƙofa. Kana so ita ce za ta je ta ce masa ɗansa mai digiri bai iya lissafi ba? Ba ka san Mama ba ke nan."

Washegari na je ofis don in nemi izinin jinya. Kafin shugabarmu ta iso na buɗe jadawalin da nake aiki a kai, ban san abin da nake nema ba. A ƙasan layin akwai wani ɗan bayani da ƙananan haruffa, wanda ake sawa a ƙarƙashin kowane jadawali irin wannan. Yana cewa alƙaluman suna nuna abincin da ke akwai ne idan an raba shi daidai, ba abin da mutane suka ci ba, kuma ba sa nuna yadda aka raba shi tsakanin gidaje ko a cikin gida ɗaya. Ni na buga wannan bayani da hannuna. Na gyara masa waƙafi har sau biyu. Ba zan iya cewa ban sani ba, kuma wannan ne ya fi komai ci mini rai. Tambayar da Mama ta yi mini tana tsince wake, wa ya raba, ita ce a rubuce a wurin, na karanta ta sau da yawa ban ji ta ba. Har yau ina wannan aiki, kuma ban raina shi ba; ƙasa tana bukatar ta san abin da ke rumbunta. Amma duk shekarar da na ga layin ya tsaya bai sauka ba alhali an yi fari ko tsada, sai in tsaya in yi tunanin mata nawa ne suka riƙe shi da cikinsu.

Da aka sallamo ta na shiga ɗakinta na durƙusa, na roƙe ta gafara. Na ce zan je in faɗa wa Baba gaskiya, in ce lissafina kuskure ne, in roƙe shi ya daina ba da labarin.

"Na yafe maka, duniya da lahira. Amma ba za ka faɗa masa ba."

"Mama, ana yabona a kan ƙarya."

"To ka ɗauka. Kowa da abin da ya ɗauka a shekarar nan, kai naka ke nan. Muddin Malam yana raye ban yarda ka ta da maganar nan ba."

Na ɗauka. Shekara uku Baba yana ba da labarin, a ɗaurin aure, a zaman gaisuwa, a gaban iyayen mahaifiyarki ranar da aka je neman aurenta. Karo na ƙarshe da ya ba da shi ranar sunanki ne, yana riƙe da ke, ya ce Allah ya sa ki gado kan ubanki. Watanni kaɗan bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Da na rubuta abin da ke sama, ban yarda da kaina ba, domin na riga na san abin da dubawa sau uku take iya ɓoyewa. Na ɗauki takardun na je Unguwar Shanu wata ranar Asabar da la'asar, na ce wa Mama zan karanta mata, duk inda na yi kuskure ta tsayar da ni. Ta saurara tana jan carbi. Ta gyara mini abu biyu ƙanana: ta ce bokitin da yara suka yi damina da shi uku ne ba biyu ba, kuma dawa buhu biyu ce ba ɗaya ba, na gyara su. Da na zo inda na rubuta cewa Baba ya rasu bai san abin da ya faru ba, sai ta ajiye carbin.

"Goge wannan."

"Ai bai sani ba, Mama. Ban faɗa masa ba, kamar yadda kika ce."

"Mutumin da muka yi shekara arba'in tare, zanena ya fara zagaya ni sau biyu ya kasa gani? Tun farkon damina ya sani. Ya je kasuwa da kansa ya tambayi buhu, ya dawo bai ce mini komai ba, ni ma ban ce masa ba."

"To me ya sa yake ta ba da labarin?"

"Don kada ka gane ya sani. Ya ce yaro ya fara aiki ke nan, idan aka karya masa gwiwa a kan abin da ya iya, me zai riƙe?" Ta ƙura mini ido. "Kai kana tsammani ciwon ciki ne ya sa yake rage tuwo? Malam da yake cinye malmala uku ya nemi ƙari? Sunan wa yake kira idan ya rufe kwanon?"

Na zauna da biro a hannu. Na ji muryarsa kamar yana ɗakin da ke gefe, yana cewa Hajiya zo ki ɗauke kwanon nan, na ga kaina ina miƙewa da sauri ina cewa ta zauna ta huta.

"Kuma kika bar ni ina ci?"

"To in ƙwace a bakinka? Ka dawo daga aiki a gajiye." Ta ɗauki carbinta. "Rubuta yadda aka yi, tunda ka ce kana son daidai. Kuma ka rubuta cewa kana cinyewa tas, har ka siɗe kwanon."

Na goge layin da ta ce in goge. Wannan kuma na rubuta shi yadda ta faɗa: ina cinyewa tas, har in siɗe kwanon.